Ciwon Da Ba Shi Da Shaida

Ya kai mai karatu, ɗan'uwana, ga tambaya guda, ka amsa ta cikin zuciyarka. Idan mutum ya ce maka jikinsa duka yana ciwo, ka duba ba rauni, ba kumburi, ba zazzaɓi, likita kuma ya auna jininsa bai sami kome ba, za ka gaskata shi, ko kuwa za ka ce raggo ne?

Ni kaina na kāsa a wannan gwaji. Akwai wata mace cikin jama'armu, mai bandar kifi a bakin ruwa wajen Yelwa, wadda ta rage zuwa sujada. Ta ce kafaɗunta da bayanta da cinyoyinta suna yi mata kamar an jibge ta da kulki, tana tashi da safe da gajiyar da ta fi ta daren jiya, mantuwa kuma ta yi mata yawa. Amma ran kasuwa na gan ta ɗauke da kwando. Sai na ce a raina, ashe ƙafar da ta kai ta kasuwa ita ce ta gaza kai ta ɗakin sujada. Ban sani ba kwandon nan na yini guda kwana uku ya kan kwantar da ita. Na yi mata shaidar zur, ko da shi ke bakina bai furta ba.

Wannan ciwo yana da suna. Likitoci suna ce da shi faibiromayaljiya, sunan da aka raɗa masa a 1976. A 1990 likitocin gaɓɓai na Amurka suka ajiye ƙa'ida, watau ciwo ya game jiki har wata uku, a kuma sami zafi a wurare 11 cikin 18 da a ke dannawa. A 2010 suka bar ƙirgar wuraren, suka mai da hankali ga yaɗuwar ciwon, da gajiya, da barcin da ba ya hutarwa, da dushewar tunani. An fi samunsa ga mata. Ba ya cin ƙashi, ba ya lalata gaɓa, shi ya sa hoton asibiti ba ya nuna shi. Abin da ya ɓaci yana cikin jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, gama su ne ke ƙara wa zafi ƙarfi, har taɓawa kaɗan ta zama azaba.

Mu mutanen bakin ruwa bai kamata wannan ya yi mana wuyar ganewa ba. Sa'ad da aka gama madatsar Kainji a 1968, Kogin Kwara ya hau ya rufe tsibiran Gungawa da gonaki da tsohon garin Busa, aka tashi mutane wajen 44,000. Yau baƙo ya tsaya a Wara ya duba, ruwa kaɗai zai gani, shimfiɗe kamar tabarma. Amma masunci ya sani akwai kututture a ƙasa wanda zai fasa jirgi. Idan ya ce maka ka kauce, ba ka ce masa sai ya nuna maka tukuna. Don me fa za ka nemi shaida wurin matarka ko uwarka, ita da ke zaune cikin jikin nan dare da rana?

Akwai kuskure na biyu, ya kuwa fi na fari muni, domin yana sanye da rigar ibada. Waɗansu sun yarda ciwon gaskiya ne, amma sai su ce alhaki ne, ko bangaskiyarta ce ta yi ƙaranci, ko kishiya ce ta yi mata sammu. Ka tuna da abokan Ayuba su uku. Kwana bakwai suka zauna tare da shi a ƙasa ba su ce uffan ba, nan ne kuwa suka yi daidai. Da suka buɗe baki suka shiga tonon laifinsa, Allah ya tsauta musu. Wanda ya ce da majinyaci zunubinsa ne ya jawo, ya ɗora masa kaya biyu. Wanda ya ambaci sammu kuma ya ƙara na uku, gama ya haɗa gida faɗa a kan abin da ba wanda ya aikata.

Yanzu kuma ke 'yar'uwata da ke fama, ko kai ɗan'uwana, ina da magana da ku. An sha ce muku ku yi haƙuri, kamar haƙuri shi ne a kwanta a yi shiru. Ban yarda ba. Kwanciya kullum tana sa jiki ya sanƙare, ciwon ya ƙaru. Abin da likitoci suka ga ya fi taimako shi ne motsa jiki a hankali kowace rana: tafiya kaɗan da sanyin safiya, a ƙara mata tsawo mako mako. Ranar da kika ji sauƙi kada ki ce sai kin rama daka da wanki da ɗiban ruwa na mako guda, gama ranar sauƙi ita ce tarko. Ki raba aikin, ki huta tun kafin jiki ya tilasta miki. Neman taimako ba abin kunya ba ne, girman kai ne ke hana shi, ni kuwa na ga girman kai ya kwantar da mutane fiye da lalaci.

Ki je asibiti a bincika tukuna, domin amosanin jini da ciwon gaɓɓai da ciwon maƙoƙo su ma kan kawo ciwon jiki da kasala, maganinsu kuwa dabam ne. Idan asibitin kusa ya gaza, akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Likita ya kan ba da amitriptyline kaɗan da dare domin barci da rage zafi. Amma ki guji ƙwayoyin haɗi da masu talla ke ƙullawa a leda ran kasuwa. Diclofenac da ibuprofen na kullum suna cin ciki, suna ɓata ƙoda, wannan ciwo kuma ba ya jinsu sosai. Tramadol kuwa ba da izinin likita ba ya kan mai da mai shansa bawa.

Matar nan da na ambata, na je na roƙi gafararta. Ta yi mamaki, gama ba ta san na zarge ta ba. Har yanzu ciwon yana nan. Matan jama'a sun raba ɗiban ruwanta a tsakaninsu, mun kuma ajiye mata kujera mai majingini kusa da ƙofa, domin ta fita ta miƙe jiki idan wa'azi ya yi tsawo.