Wa'azi da Mudu

Ya kai mai karatu, ko ka riga ka ba da gaskiya ga Yesu Almasihu, ko kuwa kana cikin bincike tukuna, ga tambaya a gabanka. Yaushe a ke cewa wa'azi ya cika? Sa'anda mai wa'azi ya rufe Littafi ne, ko sa'anda mai ji ya sake hali?

Ka tuna da yadda Maganar Allah ta iso gare mu. A shekara ta 1900 Likita Miller ya zo Kano tare da Bishop Tugwell, amma Sarki Alu bai yarda su zauna ba. Daga baya Miller ya zauna Zariya, shi da abokan aikinsa suka yi shekaru suna juya Littafi Mai Tsarki, har aka buga shi duka da Hausa a 1932. Sun sha wannan wahala domin manomi a Kiru da mai sussuka a Doguwa su ji da harshensu, su gane. Saboda haka mai wa'azin da ya ke jera manyan kalmomi domin a ce shi masani ne, ƙofar da aka buɗe ita ya ke rufewa.

Ka dubi Nehemiya sura 8. Ezra ya karanta Shari'a a gaban jama'ar Urushalima tun da safe har tsakar rana, Lawiyawa kuwa suna bayyana ma'ana. Da mutane suka gane suka yi kuka, kana suka tafi suka ci abinci, suka aika da rabo ga waɗanda ba su da komi. An karanta, an gane, an aikata. In ɗaya ya faɗi, sauran ba su tsaya ba.

Ka san madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji, wadda aka gama a 1974. Duk yawan ruwanta ba ya raya shinkafa ko ɗaya, sai ya bi magudana ya kai gonakin Kadawa da Kura. Haka nan Maganar da ta tsaya a ɗakin sujada ba ta kai kasuwa ba.

Annabi Amos ya tsauta wa 'yan kasuwa masu rage ma'auni suna ƙara kuɗi. Kadan mai wa'azi ya bar zancen a ƙasar Isra'ila, kowa zai koma gida hankali kwance. Amma bari ya ambaci mudun da aka ƙwanƙwasa gindinsa ran kasuwar Kwanar Dangora, da buhun masara ɗaya da a ke ba mayunwaci da damina a karɓi biyu da kaka, da gonar marayu wadda 'yan'uwan ubansu suka cinye, da kuɗin ɗan ƙwadago da a ke riƙewa har ya gaji da biya. Wannan wa'azi yana da tsada, gama watakila mai laifin shi ne dattijon da ya sa wa ɗakin sujada kwano. Duk da haka sai a faɗi, da ƙauna, ba da tsoro ba.

Watakila za ka ce, mu kaɗan ne, kuma talakawa, gyaran zalunci aikin sarakuna ne da alƙalai. Gaskiya ne ba a ba ka kujerar shari'a ba, amma an ba ka mudu da baki. Zakka bai jira sarki ba. Ran da Yesu ya shiga gidansa, ran nan ya ɗauki alkawarin mayar wa waɗanda ya zalunta riɓi huɗu. Kai ma ka auna wa maƙwabcinka Musulmi da mudun da ka ke auna wa ɗan'uwanka mai bi. Idan an kira ka shaida gaban dagaci, ka faɗi gaskiya, ko da a kan naka za ta faɗa.

To, ɗan'uwana, ran Lahadi mai zuwa, abin da ba ka gane ba ka tambaya, gama ba kunya cikin tambaya. Abin da ka gane kuwa, ka aikata shi kafin kasuwa ta sake ci. Ubangiji ya ba ka kunne mai ji da hannu mai gaskiya. Amin.