Ciwon mutum ɗaya, haƙƙin gari duka

Tun bayan da gwamnatin Japan ta ƙaddamar da shirin karatu na ABE a taron TICAD na biyar a Yokohama a 2013, matasan Afirka, har da 'yan Najeriya, suke tafiya can karatun digiri na biyu. Ɗalibin da ya tashi a Kura ko Bunkure, idan ya sami kansa a wannan ƙasa, ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi zai fahimci mutanenta fiye da yadda aji zai fahimtar da shi. Doka ta sa baƙon da zai zauna fiye da wata uku ya shiga inshorar lafiya, wadda ta game kowa tun 1961, ya riƙa biyan kashi 30 cikin ɗari na kuɗin magani. Abin da zai fi tsaya masa a rai kuwa shi ne halin marar lafiyar kansa: mai mura yana rufe hanci da baki da takunkumi kafin ya shiga jirgin ƙasa, domin kada ya shafa wa na kusa da shi. Sun saba da haka tun annobar mura ta 1918, shekara ɗari kafin korona. A wurinsu marar lafiya yana da haƙƙi a kan mutane, mutane ma suna da haƙƙi a kansa. Mu mun riƙe rabin farko da kyau, mun saki na biyu, alhali addininmu ya zo da duka biyun.

Ba sai an je Japan za a ga muhimmancin wannan ba. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwan da ke bin magudanan Kura da Bunkure da Garun Malam ya mai da rani lokacin noma. Shinkafa da alkama da tumatir sun rufa asirin dubban gidaje, kasuwar shinkafa ta Kura da ta tumatir ta Kwanar Gafan shaida ne. Amma ruwan da ke gudana a hankali cikin ciyawa gida ne ga wata ƙaramar katantanwa, ita kuma masauki ce ga tsutsar tsargiya. Yadda cutar ke zagayawa abin lura ne ga mai tunani. Wanda ke ɗauke da ita ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar su ƙyanƙyashe su shiga katantanwa, su fito daga baya su huda fatar manomin da ke ban ruwa ko yaron da ke wanka. Idan fitsarin mutum bai kai ga ruwa ba, zagayen ya yanke. Wato ciwon da ke marar mutum ɗaya yana da hanyar da zai bi zuwa jikin ɗan maƙwabcinsa, kuma mabuɗin hanyar yana hannun marar lafiyar. Abin takaici, har yanzu akwai gidajen da ake ɗaukar fitsarin jini alamar balagar yaro, a bar shi da ciwon da kan lalata mafitsara da ƙoda.

Manoman shinkafa na Japan sun sha wannan wahala, ko da yake irin tasu tsutsar hanji da hanta take kamawa, ta bahaya take fita. A kwarin Kofu na yankin Yamanashi ciki yakan kumbura wa manomi har ya mutu ba a san dalili ba. Likita Katsurada ya gano tsutsar a 1904, Miyairi ya gano katantanwar a 1913. Daga nan aka shafe magudanai da siminti, aka riƙa gwada bahayan mutanen ƙauye gaba ɗaya, aka kashe katantanwa, gonakin shinkafa da yawa suka koma lambunan inabi. Sai a 1996 Yamanashi ta bayyana cewa cutar ta ƙare, bayan fama na fiye da shekara ɗari. Kuɗi sun yi aiki, amma kuɗi ba sa tilasta wa dattijo ya miƙa bahayansa a gwada don amfanin wanda bai sani ba.

Mai ilimi zai iya cewa ai akwai hadisin da ya kore cewa cuta tana yaɗuwa, don haka gudun mai ciwo raunin imani ne. Hadisin ingantacce ne, sai dai malamai irin su Imam Nawawi sun haɗa shi da sauran hadisai, suka bayyana cewa abin da aka kore shi ne aƙidar jahiliyya ta cewa cuta tana tsallakawa da ikon kanta, ba da ƙudurar Allah ba. Manzon Allah (SAW) ya hana a kai raƙuma marasa lafiya cikin masu lafiya, ya karɓi mubaya'ar kuturun da ke cikin tawagar Saƙifa daga nesa, ya hana shiga garin da annoba ta ɓulla da kuma fita daga cikinsa. Hanin fita nauyi ne da aka ɗora wa wanda ke cikin bala'in saboda waɗanda ke waje. Da Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Sannan ga hanin yin fitsari a ruwan da ba ya gudu, da gargaɗin la'ana ga mai bahaya a mashayar mutane. Wanda ya karanta waɗannan a babin tsarki, ya kuma tsuguna a bakin magudana, bai haɗa karatunsa da gonarsa ba.

Wata hujjar ta fi wannan nauyi. Ɗan ci-rani da ke wuni a gona tun asuba, babu masai kusa, babu rijiyar burtsatse, ina ake so ya je? Wannan gaskiya ce, kuma ita ce ta sa nauyin bai tsaya kan talaka shi kaɗai ba. Abin da mutum ɗaya ba zai iya ba ya zama farali na jama'a: masu manyan gonaki su haƙa masai ga ma'aikatansu, ƙungiyoyin masu ban ruwa su yashe magudanai, hukuma ta kai maganin praziquantel makarantun boko da na allo. Rashin hali yana rage laifin mutum, amma katantanwa ba ta san uzuri ba.

Akwai kuma masu cewa tsarin Japan ya yi sanyi, marar lafiya yana kwana shi kaɗai, dubiya tana da ƙayyadadden lokaci. Ɗalibin da ya saba ganin ɗaki cike da 'yan uwa ana yi masa sannu, ana kawo kunu da fura, zai ji wannan kaɗaici har cikin ƙashinsa, kuma yana da gaskiya. Dubiya sunna ce mai girman lada, ba za mu sayar da ita ba. Sai dai ladubbanta da malamai suka rubuta sun haɗa da taƙaita zama da guje wa takura marar lafiya, kuma babu inda suka ce mai tarin fuka ya ɓoye ciwonsa don kunya ya ci gaba da tari cikin sahu.

Ina kira ga limaman Kura da Bunkure da Garun Malam su sa wannan batu cikin huɗuba kafin a fara noman rani. Su faɗa wa jama'a a fili cewa fitsarin jini cuta ce mai magani, neman maganinta wajibi ne, kuma ɓata ruwan da mutane ke shiga zunubi ne.