Rabin Wasa ga Kowane Yaro

Ƙungiyar ƙwallon yara ta AYSO, wadda aka kafa a Kalifoniya ta Amurka a 1964, tana da wata doka: duk yaron da aka yi wa rajista sai ya buga aƙalla rabin kowane wasa, gwani ne ko ɗan koyo. Iyaye kuma aikinsu tafi da ƙarfafa gwiwa, ban da zagin alƙalin wasa.

Mu iyaye, dokar tana burge mu a takarda. Amma ranar da ake cin mu ɗaya da nema, koci ya fitar da ɗanmu mai zura ƙwallo ya sa wanda ƙafarsa ke rawa, sai mu ce an yi zalunci. Shin an yi?

Mu masu rubuta manhaja mun san ba a gane ingancin tsari sai ranar matsi. Don irin wannan ranar aka rubuta dokar, lokacin da son nasara ke rufe mana ido. Gwanin zai samu wani filin gobe. Wanda aka manta a benci kuwa, zai iya komawa gida da darasin cewa ba a buƙatarsa, ya rataye takalminsa har abada. Babu kofin da ya kai wannan asarar.