HAƘƘIN MAKIYAYIN DA MUKA ƊAUKA ƘWADAGO

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, wanda ya yi wa mutanen Makka kiwon tumaki a kan lada, kamar yadda Buhari ya ruwaito.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, farin 1973 da na 1984 sun karkashe dabbobin makiyaya da dama a ƙasarmu ta Dakoro. Mai garke a kwarin Tarka ya wayi gari yana kiwon shanun attajiri. Mu ne muke ɗaukarsu, sau da yawa babu yankakken lada, babu wa'adi, sai "je ka, ma daidaita". Alhali malamanmu na Malikiyya sun sharɗanta sanin lada kafin ijara ta inganta.

Mafi muni, in saniya ta mutu a daji sai mu zaftare ladansa, ko mu kore shi da iyalinsa tsakiyar rani. Makiyayi kuwa amintacce ne a shari'a, ba ya ramuwa sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka.

Hukuma ta ɗaga mafi ƙarancin albashi a Nijar zuwa sefa 42,000 a wata. Nawa muke ba wanda yake kwana cikin raɓa yana tsaron dukiyarmu?