"Je Ka Ce Ba Na Nan"

Ya ku 'yan'uwa da ku ka shigo hanyar Almasihu kwanan nan, da ku masu tambaya tukuna, maganata yau a kanmu manya ta ke, gama mu kan tsauta wa yara saboda ƙarya, ba mu kan tambayi inda su ka samo ta ba.

A nan Kanya Babba, cikin ƙasar Ɓaɓura, kowa ya san yadda a kan yi sa'anda mai bin bashi ya yi sallama a ƙofar zaure. Maigida yana ɗaki, sai ya kira ɗansa a hankali, ya ce, "Je ka ce ba na nan." Ni kaina na yi wannan bara da bazara, sa'anda gero ya ƙare a rumbu, ana bina kuɗin taki. Yaron ya tafi, ya faɗa, ya komo. Bayan kwana kaɗan na aike shi sayen gishiri, ya komo da canji bai cika ba, ya ce ya faɗi a hanya, ga kuwa man ƙuliƙuli a bakinsa. Na ɗauki tsumagiya. Uwarsa ta dube ni ta ce, "Malam, wa ya koya masa?" Sai jikina ya yi sanyi.

Ku buɗe Littafin Farawa, sura 27. Ishaku ya tsufa, idanunsa ba su gani. Rifkatu ce, uwa, ta shirya dabara: ta sa wa Yakubu tufafin wansa Isuwa, ta rufe hannuwansa da wuyansa da fatar 'yan awaki, domin ya ruɗi ubansa. Yanzu ku juya zuwa sura 37. Yakubu ya zama uba. 'Ya'yansa su ka sayar da Yusufu, su ka yanka akuya, su ka tsoma rigarsa cikin jinin, su ka kawo masa. Da tufa da akuya ya ruɗi ubansa, da tufa da akuya a ka ruɗe shi. Yusufu yana da shekara 17 a lokacin, in kuwa mun yi lissafi, shekara 22 tsohon nan ya yi yana makokin ɗan da ke da rai a Masar.

Ƙaryar manya ba ta baki kaɗai ba ce. Wa ya ke riƙe bakin buhu sa'anda a ke zuba ƙasa cikin gyaɗa? Yaro. Wa ta ke ɗaukan ƙwaryar nonon da a ka ƙara wa ruwa? Yarinya. Har a waya mu kan ce, "Ga ni nan a hanya," muna zaune bisa tabarma, su kuwa suna gefe suna ji. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun san tauye mudu zunubi ne. Ƙaƙa za su karɓi shaidarmu kadan mudunmu yana da lotsattsen gindi?

Na ajiye tsumagiyar. Washegari na kama hannun yaron, mu ka tafi wurin mai takin. Na gaishe shi, na ce, "Alhaji, ran nan da ka zo ina ciki, ni na sa yaron nan ya yi maka ƙarya. Ka gafarta mini." Kunya ta kama ni ƙwarai. Ya yi shiru, kana ya ba ni lokaci har kaka. Muna komowa, kafin mu kai gida, yaron ya faɗa mini da kansa inda canjin ya tafi.