Haƙƙin Jiki A Kan Mai Shi Bayan Shekara Arba'in

Sanannen abu ne ga duk wanda ya zauna gaban malamai cewa shekara arba'in tana da daraja ta musamman, domin a cikinta ne aka aiko Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma Suratul Ahƙafi ta ambace ta a matsayin lokacin cikar ƙarfi da hankali. Amma abin da ba a cika faɗa a wajen wa'azi ba shi ne, a daidai lokacin da hankali yake nuna, a lokacin ne jiki yake fara ja da baya, har mutum ya wayi gari rigar Sallar bara ta matse shi, hawa bene ya zama aiki, sujada kuma ta zo da nishi. Mai hali, in haka ta same shi, sai ya nufi likita a tsara masa abin da zai ci da yadda zai motsa. Malamin makaranta fa, da ɗan kasuwar da yake wuni zaune a Kantin Kwari, da uwargidan da ta haifi bakwai, waɗanda ba su da likita sai ranar da ciwo ya kayar da su, mene ne hukuncinsu? Shin teɓa ƙaddara ce da za a sallama mata, ko kuwa amana ce aka tozarta?

Adalci shi ne a fara ba ƙaddara rabonta. Akwai wanda ya gaji ƙiba daga iyaye, tsokar jiki kuma takan riƙa raguwa kaɗan-kaɗan tun daga shekara talatin, mata kuwa idan haila ta doshi ɗaukewa sai kitse ya koma yana taruwa a ciki. Duk wannan babu hannun bawa a ciki. Sa'an nan zamani ya sauya mana zama ba tare da ya sauya mana akushi ba, gama kakanninmu da suka ci tuwo malmala uku, su ne suka wuni a gona da fartanya, suka yi fatauci da ƙafa daga Kano har Gwanja, matansu suka yi daka da surfe da jan ruwa a rijiya, alhali mu, da babur da injin niƙa suka ɗauke mana wahala, mun riƙe malmala ukun nan, mun ƙara da shinkafa da taliya da lemon kwalba, wanda ƙaramar kwalbarsa guda takan ƙunshi sukari wajen ƙaramin cokali tara. Al'ada ma ta sa nata hannu, tun da a wurinmu tumbi alamar samu ne, matar da ta rame mijinta ake zargi, har wasu suna sayen ƙwayar sha-ka-fashe don kada a ce ba su cikin daula.

Shari'a dai ba ta taɓa mai da ƙiba abin kunya ba. An ruwaito cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yi tseren gudu da Manzon Allah ta wuce shi, bayan wasu shekaru kuma, da jikinta ya yi nauyi, suka sake ya wuce ta, ya yi mata raha cewa an rama. Babu zargi a cikin labarin, babu gori, sai dai darasin cewa gidan Annabta ma ana motsa jiki. Abin da shari'a ta hana shi ne israfi, kamar yadda ya zo a Suratul A'arafi, da kuma tauye haƙƙin jiki ta kowace fuska, shi ya sa da Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi ya ɗora wa kansa azumi kullum da tsayuwar dare duka, aka tsawatar masa cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa, kuma da ya tsufa ya yi fatan da ma ya karɓi rangwamen. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe babi guda a cikin Ihya'u Ulumiddini kan karya sha'awar ciki, Malam Abdullahi na Gwandu kuma ya wallafa Masalihul Insani, inda ya haɗa maslahar addini da ta jiki wuri guda. Ashe ke nan abin da za a tambayi bawa shi ne abin da ya yi da cikinsa da ƙafafunsa, gwargwadon ikon da aka ba shi, ba abin da sikeli ya nuna ba.

Ikon kuwa ya fi yadda muke zato. Ma'aunin da hadisi ya bayar, na kasa ciki uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi, ba ya bukatar ko kwabo. Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar baligi da motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wanda kuwa ya ajiye babur, ya taka da sassarfa zuwa masallacin da ke ɗan nesa da shi ya komo, sau biyu ko uku a yini, ya cika wannan adadi har da ladan taku. Wanda ba shi da sikeli, ya sami zare ya auna tsawonsa daga ƙafa zuwa ka, ya ninka shi biyu, ya zagaya cikinsa da shi ta wajen cibiya. In bakin zaren bai haɗu ba, to, kitsen ciki ya wuce kima. Ga kuma azumin Litinin da Alhamis, muddin ba a mai da buɗa-baki ramuwar gayya ba, irin wadda muke gani a watan Ramalana, inda ake jera kunu mai sukari, da ƙosai yana ɗigar mai, da soyayyar doya da ƙwai, mutum ya ci har ya kasa miƙewa zuwa asham, ya fita daga watan ya fi yadda ya shiga nauyi.

Sai dai rashin likita ba hujja ba ce ta miƙa kai ga masu shelar maganin rage tumbi a bayan mota, waɗanda ba a san abin da suka jiƙa ba, wani garin neman gira ya rasa ido, ya bar ƙodarsa cikin wahala. Haka mai ciwon sukari ko hawan jini, wajibi ne ya je ko da asibitin sha-ka-tafi ne a gwada shi kafin ya tsiri azumin nafila ko gudu. Wanda kuma ya yi wata uku yana ƙoƙari bai ga canji ba, kada ya yanke ƙauna, gama aikin da ya fi soyuwa ga Allah shi ne mai ɗorewa ko da kaɗan ne, kuma tafiya tana gyara jini da zuciya ko da nauyi bai ragu ba.

Saboda haka, ya ɗan'uwa mai karatu, ka rage malmala guda a daren yau, ka taka zuwa masallaci gobe da asuba, ka kuma ba iyalinka dama da lokacin da su ma za su motsa, domin amanar jikinsu tana cikin abin da aka ba ka kiwo. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, amin.