Zomon Auta

A kudu da Rusairis, cikin sababbin garuruwan da aka yi wa mutanen da ruwa ya tasa bayan an ƙara wa madatsar Shuɗin Nilu tsawo a 2013, akwai wata yarinya da kowa ke kira Auta. Kawunta masunci ne. Wata rana cikin Afrilu ya kai kifi kasuwar Damazin, ya dawo mata da ɗan zomo fari mai baƙin hanci a cikin kwali, bai fi wata biyu ba.

Auta ta cafke shi ta kunnuwa, ta zaga da shi gida gida. Da ta dawo ta gutsura masa kisra, ta barbaɗa sukari a kai, sannan ta kifa masa kwano a tsakar gida don kada kyanwa ta ɗauke shi. Ruwa kuwa ko ɗigo, domin yaran unguwa sun rantse mata cewa zomo in ya sha ruwa mutuwa yake yi.

Unguwar sabuwa ce, itatuwanta ba su isa yin inuwa ba, ga bazara, zafi ya haura digiri 40. Washegari kafin azahar ta ɗaga kwano ta tarar da shi ya miƙe a ƙasa, numfashi sama-sama, kunnuwa sun yi ja. Ta ruga ta cika bokiti za ta tsoma shi.

"Ke kishiya, ajiye bokitin nan!" in ji Kaka daga rumfa.

Kaka 'yar Mai Wurno ce, can kusa da Sinnar, inda mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka sauka bayan yaƙin Burmi na 1903. Aure ne ya kawo ta kudu, kuma a gidansu ta taso ta tarar da zomaye a ƙarƙashin rumbu. Ta jiƙa gefen zaninta, ta riƙa shafa masa a kunnuwa a hankali, sannan ta kwantar da shi a gindin randa, inda ruwa ke ɗiga ƙasa ta yi sanyi.

"Ba ya gumi irin naki," ta ce. "Ta kunnen nan yake fitar da zafi, dubi jijiyoyin jinin. Shi kika mayar abin ratayawa. Da kin tsoma shi a ruwa, firgita kaɗai ta isa ta kashe shi. Kawo kasko mai nauyi, wanda ba zai kifar ba."

Auta ta ce ai an ce ba ya sha. Kaka ba ta tanka ba, ta tura masa kaskon. Can bayan ya ɗan farfaɗo ya sa baki, ya yi ta sha har gemunsa ya jiƙe.

Sai Kaka ta tambayi abin da Auta ba ta zata ba: ina kashinsa? Aka duba inda ya kwana, 'yan ƙwayoyi ne ƙanana busassu. Kaka ta girgiza kai. Ta ce cikin zomo bai kamata ya tsaya ba dare da rana, kuma ba ya iya amai, duk abin da ya shiga sai ya wuce. Mai lafiya kashinsa da yawa, kewayayye, girma ɗaya. In ya yi rabin yini bai ci ba bai yi kashi ba, kada a jira gobe, a nemi likitan dabbobi.

"To me zan ba shi, Kaka?"

"Ciyawa. Busasshiya mai tsabta, tuli kamar girman jikinsa kullum. Haƙoransa ba sa daina tsiro har ya mutu, taunar ciyawa ce ke goge su. Kisra da sukari naki ne."

Ta ƙara da cewa tun da yaro ne ana iya ba shi ganyen barsim, amma a baza shi a inuwa ya ɗan yi yaushi, kada a tara shi jibgi ya ɗau zafi, yana kumbura ciki. Ganyen jirjir da makamantansa kaɗan kaɗan, sabon abu ɗaya a lokaci guda, a ga yadda cikin ya karɓa. Ciyawar bakin gonar da aka yi wa feshi kuwa, ko kusa.

Kawu ya kewaye masa wuri da waya a ƙarƙashin rumfa, ya jera bulo a ƙasa saboda haƙa, ya sa akwati mai ƙofa don ya sami wurin ɓuya. Shara ta zama ta Auta safe da yamma, don ƙuda na yi wa zomo mai datti ƙwai a gindi. Wata asuba ta ga ya sunkuya yana cin wani kashi mai laushi daga ƙarƙashin wutsiyarsa, ta yi ihu wai ya haukace. Kaka ta yi dariya har da hawaye, ta ce haka Allah ya yi shi, sau biyu yake cin moriyar abincinsa, a bar shi.

Duk wannan bai yi wa Auta wuya ba. Abin da ya ci mata rai shi ne, da ta miƙa hannu sai ya buga ƙafar baya a ƙasa ya faɗa akwati, amma in Kaka na tsintar wake yakan fito ya shinshini ƙafarta.

"Ni nake masa shara, ni nake yankan ciyawa, amma ke yake so!"

"Ni ban taɓa ɗaga shi sama ba. A daji wa ke ɗaga zomo sama in ba shaho ba? Zauna a ƙasa, ki riƙe ganye, ki yi shiru."

Zaman shiru ba halin Auta ba ne. Ta sha tashi da fushi. Amma ta yi ta komawa da la'asar sakaliya, lokacin da yake fitowa kiwo, har ya fara karɓa daga hannunta. A nan ne Kaka ta nuna mata ɗauka in ta zama dole: hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya ya tallafe gindi, a manna shi a jiki, domin in ya yi shuri ƙafafu na reto yana iya karya bayansa.

Da damina ta sauka Kawu ya sake shigowa da kwali, yana murmushi. Kaka ta juya sabon ta duba, ta ce namiji ne, na Auta kuwa ashe mace ce. Cikinsu kwana 31 ne, in ji ta, kuma a haihuwa ɗaya sai a ga shida ko takwas.

Auta ta dubi laujenta, ta dubi buhun ciyawar da take cikawa. Leɓenta na motsi, tana lissafi.

"Kawu, don Allah ka mayar wa mai shi. In na tara kuɗin waya na yi masa ɗaki daban, zan faɗa maka."

Kawu ya ce ai ya riga ya biya. Kaka ta ce to ya kai gidansa, shi ma yana da lauje.